Motar Gawa da Barnabé Ya Mayar Ɗaki

Duk wanda ya san layinmu a unguwar Akpakpa, cikin Kwatano, ya san rumfar Barnabé kafinta, don a jikin tawa take. Ni walda nake yi, shi katako, kwano ɗaya ne ya raba mu. Tun kanmu yana baƙi muke faɗa a kan abu guda: ni in ce garin katakonsa yana shiga mini abinci, shi ya ce tartsatsina zai cinye masa jari wata rana. Ga shi mun yi furfura, jarin bai ƙone ba, ni kuwa na haɗiyi garin katakon da zai isa a yi kujera. Sunana Issifou. Daga Djougou na zo Kwatano ina saurayi, na zauna cikin ƙabilar Fon har na fi su iya zagi da yarensu. A bayan rumfunan namu akwai wata shuɗiyar bas mai dogon rufi, tayoyinta sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Labarinta da na mai ita zan ba ku.

Barnabé dogo ne siriri mai sanyin magana, irin mutanen da za ka yi wa masifa tun safe, su saurare ka cikin ladabi, sannan su je su yi abin da suka yi niyya. Fofo nake ce masa, wato yaya da yarensu, don ya girme ni. Bencin coci yake yi, da kabad, da teburan makaranta. A garin nan kafintan da ke son arziki akwatin gawa yake yi, don mutanen kudu sun fi kashe wa mamaci kuɗi a kan mai rai. Barnabé ya ƙi. Ya ce ba zai ɓata mako yana goge katako don a kai wa gara ba. Shi ya sa sa'o'insa suka gina benaye, shi kuwa abin da ya mallaka a duniya fili ne guda a bayan Calavi, wanda ya saya tun wurin yana daji.

Matarsa Honorine, wadda muke kira Maman Senami, ita kuma wuta ce. Garin kwaki take sayarwa a kasuwa, daga ƙauyensu da ke bayan duwatsun Savalou take saro shi. Allah Ya ba ta murya. In ta kira mijinta cin abinci daga bakin layi, har ni nake ajiye ƙarfe in wanke hannu.

"Tonton Issifou, wa ya kira ka? Ko an raɗa maka suna Barnabé ne ban ji ba?"

Haka za ta ce, sannan ta zuba mini fiye da nasa.

Wata safiya tana cikin auna gari ta kife a kan buhu. Likita ya ce hawan jini ne. Ta fito daga asibiti da ɓarin dama a shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Muryar nan ta koma wani gurnani mai kauri wanda ba mai gane shi sai Barnabé, sai ni kaɗan-kaɗan saboda sabo. 'Yarsu ɗaya, Senami, tana aure a Gabon, abin da ta samu take aikowa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Barnabé ne wanka, shi ne ɗaurin zane, shi ne ɗaukar fo. Har kitso ya koya, ko da yake kitson nasa abin a tausaya ne.

Honorine tana da uwa a ƙauye, Nana Assiba, tsohuwa tukuf, wadda idanunta suka rufe tun da daɗewa. Da can duk wata sai Honorine ta je saro gari, kuma tun daga bakin gari tsohuwar ke jiyo ta. Da ciwon ya zo, yayar Honorine, Akouavi, wadda muke ce wa Dada, kuma ita ke riƙe da tsohuwar, ta yanke hukunci cewa ba za a gaya mata ba. A wurinsu ba a kai wa tsoho labarin da zai karya shi. Aka ce mata Honorine ta tafi Gabon jinyar haihuwar Senami. Ƙarya ce ta tausayi, amma ƙarya ce, kuma ta yi ta tsawo har jaririn da ba a haifa ba ya isa yaye.

Shekara ta zagayo, ta biyu ta kama. Honorine ta daina tambayar kasuwa, ta daina tambayar kowa, magana ɗaya ta rage mata: tana son ta je wurin Nana kafin ɗayansu ta riga ɗaya. Akouavi ta ce a waya kada a kuskura a kawo ta a haka. Honorine ta ce zuwa da kai ya fi aike, kuma uwar ba ta Akouavi ce ita kaɗai ba. Sun gwada motar haya sau ɗaya. Mutum huɗu a baya, kaya a cinya, ita ga ta ba ta iya zama. Ba su wuce Allada ba fitsari ya kufce mata, wata mata ta toshe hanci tana yada magana, direba ya sauke su a bakin titi. Ranar na ga Barnabé ya dawo goye da matarsa.

Bayan 'yan kwanaki ya leƙo rumfata.

"Issifou, ka tuna Turawan nan da suka zo da mota mai gado a ciki, na gyara musu aljihun kabad?"

"Waɗanda ke wanka da kofi ɗaya? Na tuna."

"Irin ta zan yi."

"Kai? Fofo, ko keke ba ka da shi."

"Kai ka iya tuƙi ai."

"Au, har an ba ni aiki ban sani ba."

"Mai dogon rufi nake so. In ta kwanta a ciki, in iya miƙewa tsaye in ɗaga ta, in wanke ta, ba wanda ya gani."

Da na ga idonsa sai na san ba wasa yake yi ba. Ashe ya riga ya sa filin Calavi a kasuwa.

Muka shiga yawon filayen motoci na Sekandji. Wanda bai sani ba zai ɗauka a garin da jirgin ruwa ke zubar da motocin Turai kamar ƙasa, bas ba za ta yi wuya ba. Ƙananan rufi kam ga su nan birjik. Mai dogon rufi ita ce kowa ke rububi: masu burodi na so, coci-coci na so, fataken Najeriya na kwashewa tun ba a sauke su ba. Ni nake shiga ƙarƙashi ina ƙwanƙwasa ƙarfe, don da yawa gishirin da ake zuba wa titunan Turai saboda ƙanƙara ya cinye musu ciki, an shafe da baƙin fenti. Barnabé kuwa ko injin ba ya dubawa. Zai hau baya, ya miƙe tsaye, ya sunkuya kamar zai ɗauki mutum daga gado, ya ɗago a hankali, ya juya. In kansa ya taɓa rufi sai ya sauko.

"Tonton, mota ka zo saye ko rawa ka zo koya?" in ji wani dillali.

"Bar shi," na ce, "kai ma da ka san abin da yake aunawa da ka rufe wannan bakin naka mai kama da bututun hayaƙi."

Wadda ta yi masa, kuɗin fili bai kai ba. Wadda kuɗin ya kai, ko dai rariya ce a ƙasa, ko injin yana tari kamar tsohon mashayi. Muka yi ta zuwa har masu gadi suka fara gaishe mu da suna.

Wani dillali mai suna Gildas ne ya ja mu gefe, ya ce akwai wata a Godomey, ba sabuwar sauka ba ce, ta gida ce, kuma kuɗinmu zai saye ta har a yi canji. Tun daga yadda yake sosa ƙeya na san akwai magana. Muka same ta a bayan gidan wata bazawara, an lulluɓe da tamfol. Da aka yaye sai ga baƙar mota, jiniya a ka, dogon gilashi a kowane gefe da labule mai bakin azurfa, ƙarafa biyu shimfiɗe a ƙasa na tura akwati. Mijin matar ne ya yi shekaru yana jigilar gawa da ita daga Kwatano zuwa garuruwan Dassa da Savalou. Da ya mutu masu haya suka ce ba fasinjan da zai shiga, masu sana'ar kuma sun koma ga sababbin motoci.

"Injin lafiya lau," in ji Gildas. "Ba ta taɓa gudu ba. Kuma a duk fasinjojinta ba wanda ya taɓa ƙorafi."

Na duba. Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa, ban ga mai lafiyarta ba a duk yawonmu. Na ja Barnabé waje.

"Fofo, araha ba ta ado. Kai da ka ƙi yin akwatin gawa, yau motarta za ka saya ka sa matarka?"

Sai kawai ya koma wurin motar. Ya hau, ya miƙe tsaye, ya sunkuya, ya ɗago, ya juya. Tsakanin kansa da rufi akwai sauran taƙi guda.

Bai ɓoye wa Honorine ba, a gabana ya gaya mata. Ta yi wani dogon gurnani, rabin bakinta yana dariya. Barnabé ya fassara mini yana sunkuyar da kai.

"Wai rabin jikinta ai ya riga ya mutu, motar ta san aikinta. Ɗaya rabin kuma ya shiga kyauta."

Fadan cocinsu ya zo ya yayyafa wa motar ruwan albarka. Wata maƙwabciya ta kawo ganyen da ba ta faɗi sunansa ba ta wanke tayoyi. Ni ma na tofa abin da na sani, don ba a san na wa zai kama ba. Sannan muka shiga aiki. Na yanke ƙarafan akwatin, na cire jiniya na toshe ramin, na haɗa gado mai zamewa waje ta ƙofar baya don a riƙa sauke ta a kwance. Barnabé ya bi bango da falanki, ya yi kabad na magani da zannuwa, ya yi kujera mai rami da fo a ƙasa, ya kafa jarkar ruwa da ɗan risho. Gadon ya sa shi yadda hannunta na hagu, mai lafiyar, zai faɗa jikin taga, na yi mata mariƙi a wurin. Baƙaƙen labulen ya ƙone su, ya ɗinko wasu da tsohon zanenta don kare rana. Muka yi mata shuɗin fenti. Ban taɓa ganin ya yi aiki da sauri irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin aikinsa ya yi kyau haka ba.

Ba mu gaya wa kowa a ƙauye ba. Mutanen nan ba sa faɗin ranar tafiya ko ga ɗan'uwa, balle ga Akouavi da ta ce kada a zo. Ranar Alhamis muka tashi da niyyar isa kafin la'asar. Dab da Bohicon robar lagireto ta fashe, kafin a samo wata rana ta yi sanyi, muka yada zango a gindin wasu itatuwa a bakin hanya. Ba zan manta da yammacin nan ba. Barnabé ya rufe ƙofa ya yi mata wanka a tsaye, kansa bai taɓa komai ba. Ya buɗe, ya ɗora ruwan zafi, ya dama mana gari da soyayyen kifi. Honorine tana kwance tana kallon masu wucewa ta taga, tana yi wa kowa sharhi. Ta ce wancan ɗan acaɓar matarsa ta fi ƙarfinsa, daga zamansa ta gane. Ta ce ni kuma tuƙina irin na mai bin bashi ne. Tun da ta faɗi ban ji ta yi surutu haka ba, har na ji daɗin lalacewar motar.

Da safe muka kama hanya, ranar Juma'a ke nan. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san Juma'a ce ranar fito da gawa daga ɗakin sanyi a kai ta garinsu, a kwana ana kiɗa, Asabar a binne. Motocin gawa suka yi ta wuce mu, da jerin 'yan rakiya cikin anko. Har na yi wa ɗaya daga cikinsu ƙaho ina cewa ta gaida tsohuwar abokiyar aiki. Mu uku a motar, ba wanda hankalinsa ya kai inda ya kamata ya kai.

Da muka bar kwalta muka hau jar hanyar ƙauye, kowane rami sai Honorine ta yi nishi. Barnabé ya ce in tafi a hankali, na koma tafiyar hawainiya. Rana ta juyo ta gefenta, ya saki labule. A bakin gari akwai famfo, mata suna ɗiban ruwa. Na ga sun tsaya cak suna kallonmu, ɗaya ta leƙo ta gane Barnabé a gefena, ta saki kwano ta ɗora hannu a ka, ta ruga cikin gari. Fenti launi ya canja, bai canja ƙirar motar ba. Wannan dogon gilashin da wannan rufin sun kawo musu 'yan'uwa da yawa a ranar Juma'a, a irin wannan tafiyar, da labule a sake.

Kafin mu kai ƙofar gidan kuka ya cika garin, ana kiran sunan Honorine. Akouavi ta fito tana birgima a ƙasa. Maza suka taso wa Barnabé tun bai sauko ba.

"Ka kashe mana 'ya, ka kawo ta ba ko aike? Akuya ka ɗauke ta?"

Yana cewa da ranta, ba mai jin sa. Muka buɗe ƙofar baya muka zamo gadon, ga ta a miƙe, kukan ya ƙaru. Sai Honorine ta ɗaga hannun hagu ta yi gurnani da duk ƙarfinta. Wasu suka watse da gudu, wani dattijo ya faɗa kan turmi. Can aka gane, kuka ya koma salati irin nasu, wasu na dariya da hawaye, Akouavi ta rungume ƙanwarta tana zagin ta. Da a nan abin ya tsaya, da labarin ban dariya nake ba ku.

Nana Assiba tana zaune a bakin ɗakinta, ta riga ta cire ɗankwali ta yar, alamar makoki. Ba ta yi kuka ba. Muka ɗauko gadon muka ajiye a gabanta, Barnabé ya durƙusa.

"Nana, ga Honorine. Da ranta. Rashin lafiya ta yi."

"Kun ce mini tana Gabon," in ji tsohuwar. "Ɗazu kun ce ta mutu. Yanzu kun ce da ranta. Ku yi mini shiru, ta faɗa da bakinta."

Honorine ta tattara duk abin da ke ƙirjinta ta kira uwarta. Ni na gane abin da ta ce, Barnabé ya gane. Tsohuwar ta karkata kai tana saurare.

"Wannan ba muryar 'yata ba ce. Ku ba ni hannunta."

Ta miƙo tafukanta biyu. Na ga hannun hagun Honorine ya taso da kansa. Barnabé, yana durƙushe gaban surukarsa, gaban dangi duka, ya dafe shi a hankali ya mayar, ya ɗauko na daman ya ɗora a tafin tsohuwar. Ba a miƙa wa babba hagu. Ina tsaye a wurin, ban ga laifi ba, da ni ne ma haka zan yi.

Hannun nan ya shekara biyu bai motsa ba. Sanyi ƙalau yake ko da tsakar rana, yatsun a dunƙule, ya rame. Tsohuwar ta shafa shi, ta juya shi, ta bi yatsun ɗaya-ɗaya tana ƙoƙarin miƙe su suna komawa. A gindin babban yatsa ta tsaya, inda kaskon suyar gari ya ƙone Honorine tana yarinya. Ta daɗe tana shafa tabon. Ta matsa hannun tana jira a matsa nata, ba a matsa ba.

"Ita ce," ta ce.

Ta mayar da hannun kan ƙirjin 'yarta ta gyara masa kwanciya. Ta ce a ba ta ruwa. Aka kawo a ƙwarya, muka ɗauka sha za ta yi, sai ta zuba a ƙasa, kamar yadda suke yi wa mamaci.

"Kin zo, na ji ki. Kin kyauta, 'yata, kin yi tafiya mai nisa. Ba na fushi da ke. Ki koma ki kwanta, kada ki tsaya yawo saboda ni. Ina nan tafe."

Ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta tura ƙyaure.

Ba irin roƙon da ba a yi ba. Akouavi ta durƙusa a bakin ƙofa ta faɗi gaskiyar ciwon tun daga farko, tsohuwar ta ce bakin da ya yi mata ƙarya shekara biyu ba yau zai fara gaskiya ba. Malamin coci ya zo, mai gidan dangi ya zo. Barnabé ya ce ta taɓa ɗaya hannun kawai, ko goshi, ta ji ɗumi. Ta ƙi. Ba tsoro take ji ba, da tsoro ne da da sauƙi. Cewa ta yi in uwa ta sake taɓa wadda ta tafi, ta riƙe ta ke nan, yarinyar ba za ta ga hanya ba. Ta kuma ce ba za ta sa loma a baki ba muddin 'yarta na ƙofar gida ba ta samu makwanci ba.

Ni dai zuciya ta ɗebe ni, na tare Akouavi a tsakar gida.

"Dada, ƙaryarku ce ta jawo wannan. Da kun gaya mata tun farko da ta san hannun da za ta taɓa."

"Motarku ce ta jawo, ɗan arewa. Wane mai hankali ne ke kawo mara lafiya a motar gawa ranar Juma'a?"

Ita ma ba ƙarya ta yi ba. Na koma wurin motar, inda muka ajiye ta a gindin mangwaro daura da ɗakin tsohuwar. Barnabé yana zaune a matakala, hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

"Na hagun ne mai ɗumi, Issifou," ya ce. "Ita ta san abin da take yi, ta ɗago shi. Ni na mayar."

"Ladabi ka yi, Fofo."

"Na sayar da fili, na auna rufi, na auna gado. Na kawo ta har gaban uwarta, na ba da hannun da ya mutu."

Ya fashe da kuka kamar yaro, dogon mutum mai furfura. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsayawa kusa da shi.

Muka yi kwanaki a gindin mangwaron nan. Dangi suna zuwa gaida Honorine da doya da kaji, motar ta zama abin kallo, mata suna buɗe kabad suna yaba aikin. Tsohuwar kuwa ruwa kawai take sha. Kullum da sassafe sai mu jiyo ta daga ɗaki tana waƙar makoki da 'yar siririyar murya, tana kiran 'yarta da kirarin gidansu, tana faɗin yadda ta yi goyonta a shekarar fari, da yadda ba ta taɓa zuwa hannu sake ba. Honorine tana riƙe da mariƙin taga tana ji. Wata safiya waƙar ta yanke a tsakiya, Akouavi ta fito ta ce jiri ne ya kwashe tsohuwar, ko zama ba ta iya yi sosai.

Honorine ta kira mijinta. Wannan karon ban nemi fassara ba.

"Mu tafi."

"Ki ƙara haƙuri kwana ɗaya, Maman Senami. Wataƙila gobe ta sauko."

"In na zauna yunwa za ta kashe ta. Mu tafi."

Na tayar da mota da hantsi. Da jin ƙarar injin tsohuwar ta sa aka riƙo ta zuwa bakin ƙofa. Ta fuskanci inda ƙarar take, tana sa wa 'yarta albarka, tana ce mata ta bi hanya kai tsaye kada ta waiwaya. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu biyu su haɗu ba. Honorine ba ta yi ko tari ba, don kada muryar ta sake tayar mata da hankali. Nana Assiba ta ƙara damina biyu a duniya bayan wannan, kuma ba a sake kai mata 'yarta ba.

Da muka hau kwalta Honorine ta buga jikin motar ta ce in tsaya, ba za ta ƙara gaba ba sai ta ji Nana ta ci abinci. Na gangara gefen titi kusa da masu sayar da gari, na kashe injin. Muka zauna muna jira, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu. Da rana ta take Barnabé ya kira Akouavi.

"Dada, ta ci?"

Ya saurara, ya sauke wayar daga kunne, ya juya wurin matarsa.

"Ta sha koko. Ta ce a daka mata sakwara."

Honorine ta lumshe ido, hawaye yana bin gefen fuskarta yana shiga kunne. Can ta yi magana a hankali, sai da ta maimaita kafin ya gane. Ya mayar da wayar kunne.

"Dada, kina ji? Ta ce kada ki cika barkono a miyar. Cikin Nana ba komai, zai ƙone ta."